Shokola Ba Malalaci Ba Ne, Abba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Abba, ina gaishe ka a durƙushe, ko da yake takarda ba ta nuna durƙuso. Ina fatan ka saba da Mundu da sauronta, ina fatan shago yana tafiya yadda kake so. Mu nan Bololo lafiya lau muke. Umma tana gaishe ka. Hajiya ta ce a gaya wa ɗanta ƙafarta da sauƙi, amma kada ya fasa aiko man zafin nan.

Bayan haka, akwai maganar da ban taɓa furta wa kowa ba, ko Umma. Duk sanda Baffa Tanimu ya kai mu kabin, shagon buga waya, ya miƙo mini kan waya, sai in kasa faɗa. Ga mutane a layi sun kasa kunne, ga Baffa yana kallon agogo, sai in yi ta ce maka "lafiya lau, lafiya lau" in mayar masa. To yau ba layi, ba mai kallona. Abba, ina son wani kare. Ina son sa sosai, kuma in ba ka yarda ya zauna a lambunmu ba kafin damina ta sauka, ba shi da wurin zuwa.

Na san yanzu ka cire tabarau ka ajiye takardar a cinya. Don Allah ka mayar da shi ka karanta har ƙarshe.

A littattafan da nake karantawa, waɗanda ake shigo da su daga Kano ta Kusuri, in yarinya ta ce tana da sirri, to wani dogo ne mai mota da ƙamshin turare, likita ko matuƙin jirgi. Nawa sirrin ƙafa huɗu gare shi, kunnensa ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, ƙamshinsa kuwa gara kada mu shiga maganarsa. Sunansa Shokola. Wani Bature ne ya raɗa masa, da aikinsa ya ƙare ya hau jirgi ya bar shi ɗaure a gindin dalbejiya.

Na san ka riga ka ji labarinsa, ina tsaye Baffa ya ba ka. Ya ce an kawo wani kare gwaji a lambu, ya kwanta ya yi ta sharar barci har awaki suna tsallake shi. Na jiyo dariyarka tana fitowa ta cikin waya, na ji ka ce a bar maganar. Baffa bai yi ƙarya ba. Amma ranar farko kawai ya ba ka, ni kuma sauran ranakun ne a hannuna.

Ka san dangar da ke bayan mangwaron lambunmu na Lamaji, inda haushi ba ya yankewa? Filin Madam Odet ne. 'Yar kudu ce, ta yi aiki a asibitin dabbobi har ta huta, yanzu tana tattara karnukan da aka yasar. 'Yan unguwa suna ce mata Am Kilab, uwar karnuka, ita kuma tana amsawa. Kowane kare da kejinsa na waya da kwano. In ɗaya ya yi haushi duka sai su ɗauka, in sun gaji wani ya sake tayarwa.

Ranar Lahadi, in na raka Hajiya tsinkar yakuwa, nakan sulale gindin mangwaron da littafina. A gida ina jin kunyar karatu da ƙarfi, a can kuwa ba kowa. Kejin Shokola ne ya jingina da dangarmu. Da farko ba ya ko tsayawa, zagaye kawai yake yi, ya je ya dawo, ya je ya dawo, har ƙafarsa ta fitar da hanya a ƙasa. Ya lashe hannunsa na dama har gashin wurin ya ƙare. Sannu a hankali ya fara tsayawa in ya ji muryata, daga baya ya fara kwanciya. In na kai inda masoya suke rabuwa, ni ina share hawaye, shi yana hamma.

Ban san Madam tana ganinmu ba. Rannan sai na ji murya ta saman danga da Larabci: "Bineye," wato 'yar yarinya, "har yaushe za ki yi ta yi masa karatu ta waya kamar ɗan kurkuku? Zo ki ɗauke shi farmisiyo." Saura kaɗan in faɗa rijiya don kunya.

Farmisiyo shi ne ɗan hutun da ake ba soja ya je gida ya dawo. Marigayi mijinta soja ne, a bakinsa ta ɗauko kalmar. Haka take yi da karnukanta: ta ba maƙwabci aron kare na yini ɗaya, da igiyarsa da kwanon ruwansa, kafin magariba a dawo mata da shi.

Da Hajiya ta hango ni riƙe da igiya sai ta saki kwandon yakuwa. Ta ce, "A'uzubillahi! Kakanku ya tako tun daga Katsina da ƙafa zai je Makka, ke kuma kin tako daga Bololo ki ja kare!" Baffa ne ya cece ni, shi ma ba don Allah ba, don awakin maƙwabta da suka gano ɓarakar danga suna cinye masa salak. Ya ce, "Bar ta, Hajiya. In ya kori awaki ya samu aiki."

Abba, da ka ga fitowarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka ce ya taka ruwan kogin Shari. Sai da na yi ta lallashi. Da ya shigo lambu ya sa hanci a ƙasa, ya shinshina albasa, ya shinshina guga, ya shinshina takalmin Baffa ya yi atishawa. Ya isa gindin mangwaro, ya juya, ya sake juyawa, ya zube. Ya yi wata ajiyar zuciya irin ta tsoho da ya sauke kaya. Kalas, shi ke nan.

Awaki suka zo a kan lokacinsu. Suka shigo ta ɓaraka a jere, suka wuce ta gabansa, wani ɗan akuya har ya ɗora ƙafa a bayansa don ya kai ga ganye. Ko kunnen nan mai tsayuwa bai motsa ba. Baffa ya kore su da kansa yana haki, ya dawo ya tsaya a kansa ya ce, "Wannan ba kare ba ne, tabarma ce mai wutsiya." Ya hau kekensa ya tafi kasuwa, da labarin da ka ji.

Ni kuwa da rana ta karkata bai tashi ba, sai tsoro ya kama ni. Na kira sunansa, shiru. Na taɓa shi da karan rama, shiru. Ya mirgine rigingine, ƙafafu a sama, baki a buɗe, harshe a gefe. A littattafaina ba mai kwanciya haka sai wanda aka sa wa guba. Na zura da gudu ba takalmi, ina buga ƙofar Madam ina cewa na kashe mata kare.

Ta zo da sauri, ta leƙa shi, sai ta zauna a kan gugan da ke kife ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Da ta lafa ta ce in yi magana a hankali kada in tashe shi. Ta ce, "Tun da aka kawo mini shi ban taɓa ganin cikinsa ba sai yau. A can da ido ɗaya suke barci. Ranar farko ba a gwada kare, bineye, ranar farko ta ramuwar barci ce." Hajiya tana gefe tana ji, ta taɓe baki, amma na lura ta daina jan tabarmarta da ƙarfi.

Ba zan ɓoye maka ba, mayar da shi ya yi wuya. Ya turje a ƙofa, ya yi wani siririn kuka da har yanzu nake jin sa. A cikin kar, motar haya, a hanyar komawa gida, na rufe fuska da littafi ina hawaye, Hajiya ta ɗauka labarin littafin ne ya sa ni kuka. Na ce a raina zalunci na yi, na ɗanɗana masa daɗi na ƙwace. Lahadin da ta biyo baya na ce kaina yana ciwo, na ƙi zuwa.

Da na koma, Madam ta tare ni da hannu a ƙugu. Na gaya mata dalilina ina kallon ƙasa. Ta ce, "Ke da kike zuwa lise, babbar 'yar sakandare, kin taɓa cewa a soke Lahadi don Litinin tana zuwa?" Ta ce rannan ya ɗan yi kuka, ya cinye abincinsa tas, ya kwanta. Bayan kwana biyu ya koma zagayensa, amma bai ƙara lalacewa ba. Ba ta ce mini farmisiyo magani ne ba. Ta ce numfashi ne, kuma mai rai ba ya raina numfashi ɗaya.

Daga nan ban sake fashi ba. Abin mamaki, Abba, duk fita sai wani sabon Shokola ya ɓullo, kamar ana ɓare albasa. Barcin ya riƙa raguwa. Wata rana ya faɗa magudanar ruwan lambu ya yi birgima a laka, ya fito ya girgiza a kusa da Hajiya, ta bi shi da carbi a hannu tana kiran sunayen da ban san ta iya ba. Wata rana muka gano yana son ɗanyen tumatir. Wata rana, ina cikin karatu, na ji wani abu yana bugun ƙasa, fat, fat, fat, ashe wutsiya ce. Ban san tana motsi ba. Gashin hannunsa ya fara tsirowa.

Mun kuma gano Faransanci kaɗai yake ji. In ka ce masa "zauna" sai ya kalle ka kamar baƙo, in ka ce "asi" nan take ya zauna ya miƙe ƙirji. Hajiya ta ce, "Iko sai Allah. Kare ma ya yi lakwal, ya yi boko, ni ce kawai aka bari." Yanzu in tana zaton ba mai jin ta, nakan ji tana gwadawa: "Asi. Asi mana, ɗan banza."

Sai ranar awaki. Baffa yana zaune yana shan shayi, ni ina gindin mangwaro. Uwar garken ta zuro kai ta ɓaraka kamar kullum. Shokola ya ɗaga kai, ya miƙe, ya yi haushi guda ɗaya, mai kauri, wanda na ji shi har cikin ƙirjina. Ya tafi a guje, ya zagaye su ta bayan kunyar salak, ya tattaro su ya fitar ta inda suka shigo. Bai ciji ko ɗaya ba. Ya dawo ya kwanta a bakin ɓarakar, ya ɗora haɓa a hannu, kamar tun haihuwarsa aikinsa ke nan. Kofin Baffa ya tsaya tsakanin hannu da baki. Can ya ce, "Ashe da kare a cikin tabarmar."

Na ɗauka magana ta ƙare. Na tattara duk ƙarfin halina na roƙi Baffa ya sake kiran ka. Ya shafa gemu ya ce, "Lambu na Yaya ne, kuma Yaya ya ce a bari. Ni da girmana in koma kabin, gaban jama'a, in ce na yi kuskure a kan kare? Ke ki gaya masa." Yana faɗa yana murmushi, don ya san nauyin bakina. Amma tun daga rannan, in na makara, nakan same shi a bakin hanya yana tambaya ko yau ba farmisiyo.

Na san abin da ke ranka, Abba, ni ma ya dame ni. Shi ya sa na tambaya a Islamiyya. Na ce wa Malam wata ce ta aiko ni. Ya ce kare don gadin gona ko dabbobi ba laifi, ba dai a shigar da shi ɗaki ba, a kuma kula da tsabta. Sannan ya ce, "Ki gaya wa wadda ta aiko ki ta riƙa kakkaɓe hijabinta." Na duba, ga gashi ja a gefen hijabina. Duk ajin suka fashe da dariya. Ban mutu ba, amma na kusa.

Hajiya kuma ta kafa dokokinta, kuma ina bi. Kwanonsa daban, ba ya haɗuwa da namu. Akwai zanen lambu, akwai na salla. Wanke hannu da sabulu har gwiwa. Amma ka tambaye ta wa yake ƙulle ƙasusuwa da sauran wainar kisar a leda duk daren Asabar. In na kalle ta sai ta ce, "Me kike kallo? Almubazzaranci ne ba na so."

Ba Shokola kaɗai ba ne. Akwai wata farar karya da kowa yake tsoro, in ka wuce kejinta sai ta daki waya kamar za ta fasa. Wani mai gidan burodi ya karɓe ta yini ɗaya, ta kwanta a bakin ƙofarsa tana kallon masu wucewa, 'ya'yansa suka yi ta kuka da za a mayar da ita. Yanzu tana can ta yi ƙiba. Madam ta ce wanda ya ga kare a keji, keji ya gani. Da yawa daga cikinsu haka suka samu gida, daga aron yini ɗaya.

To ga inda maganar ta tsaya. Mai filin Madam zai yi gini. Ka san yadda Lamaji ta zama, duk inda ka juya bulo. An riga an zube yashi a bakin ƙofarta. Ita za ta koma garinsu Sar kafin ruwa ya ɓata hanya, kuma motar ɗan'uwanta ba za ta ɗauki kowa ba, sai tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda ba mai karɓa. Shokola lafiyayye ne, don haka ba ya cikinsu. Na tambaye ta yadda za a yi da wanda bai samu wuri ba, sai ta shiga gyara ɗankwalinta, ta ce in miƙo mata tsintsiya.

Ba gida nake roƙon a kawo shi ba, Bololo ba ta da wurinsa. 'Yar rumfa kawai a bakin ɓarakar nan, kusa da ɗakin Baffa. Akwai tsohon kwanon rufi a bayan rijiya, zan share wurin da kaina. Ba zan bari karatuna ya ja baya ba. In ka ce in rage littattafan soyayya ma zan rage. Ban ce zan daina ba, kada in yi maka ƙarya.

Akwai abu ɗaya da na yi ta juya shi kafin in rubuta. Ka yafe mini, ba kwatanta ka nake yi da komai ba, Allah ya kiyaye bakina. Amma Abba, kai ma in ka zo daga Mundu, ranar farko barci kake yi. Ka shigo da ƙurar hanya, ka yi wanka, ka ci abinci kaɗan, ka kwanta a tabarmar ƙofar ɗaki da hula a fuska. Umma ta hana daka, ta kashe rediyo, mu riƙa tafiya da sanɗa. Nakan zauna nesa kaɗan ina kallon ƙirjinka yana hawa yana sauka, ina jin daɗi, don na san a can ba ka samun irin wannan barcin. Sai washegari ka tashi ka zama Abbanmu, ka gyara famfo, ka tsokani Hajiya, ka tambaye ni abin da aka koya mana. Da wani baƙo zai shigo a ranar farkon nan ya tafi da labari, me zai ce? Mu da muke gida mun san ba lalaci ba ne. Mutum ne ya iso inda hankalinsa ya kwanta.

Kwanakin da kake yi mana kaɗan ne, kuma duk ranar komawarka ina shiga bayan ɗaki in yi kukana. Amma ban taɓa cewa gara da ba ka zo ba.

Kai ne ka sa mini sunan mahaifiyarka, har ba ka iya kiran sa sai dai ka ce "Uwata". Ban taɓa cin albarkacin sunan nan na roƙe ka komai ba, ko ɗan kunne. Yau uwarka ƙarama tana roƙo. Babbar ma, in ka matsa mata, ina jin bakinmu ɗaya.

Allah ya tsare mana kai a inda kake, ya sa albarka a nemanka, ya raba ka da zazzaɓin kudu da sharrin hanya. Allah ya dawo mana da kai lafiya, dawowar da ba ta da ranar komawa. Ya ba duk mai rai da ke tsare wurin da zai rufe ido biyu. Amin.

Da na fara rubutun nan, niyyata in ninke shi in cusa a ƙarƙashin katifa, in ji sanyi a raina cewa ai na faɗa. Amma katifa ba za ta ba da amsa ba, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Malam Barka direba yana ɗaure kaya a bakin layi, Umma ta ce bayan la'asar zai kama hanyar Mundu. Ban taɓa yi masa magana ba sai gaisuwa, kuma na san zai tambaye ni abin da ke ciki. Zan ce masa saƙon Abba ne, a hannunsa za a sa. Na riga na yafa mayafi.

Taka har kullum,
Hadiza